Kwana Uku a Gidan Na'ibi

Ranar Litinin da la'asar, ana saura kwana goma a hau Arfa, yayana Haladu ya shigo gidana a unguwar Karantina ta Jidda da ƙunshi a ka. Shekarar 1957 ce. Rabona da shi shekara ashirin da ɗaya. Tun daga bakin ƙofa na gane shi. Tsagar Gobirawa tana fuskarsa irin tawa, ga ɗan yatsansa na hagu da lauje ya datse muna yara. Shi ma ya gane ni. Na gani a idonsa.

Ya ce, "Salamu alaikum. An ce nan ne masaukin Hausawa."

Na ce, "Wa alaikumus salam. Nan ne. Sannu da hanya."

Ya ce, "Yauwa, maigida."

Maigida ya ce. Bai ce Ubale ba, sunan da ake kirana da shi a gida, wanda babu mai saninsa a Jidda sai matata. A nan Abdulgani ake ce mini. Ni ma ban ce Yaya ba. Na sauke masa ƙunshin, na nuna masa ɗaki.

Gidan ba ni na kafa shi ba. Na surukina ne, marigayi Alhaji Na'ibi, mahaifin matata Mastura. Ɗaki biyar na katako da kwano, rumfa a tsakar gida, randa uku. Duk wanda ya sauka daga jirgin ruwa bai san kowa ba, in dai yana jin Hausa, 'yan dako sukan nuna masa hanyarmu. Dokar gidan ɗaya ce. Ba a tambayar baƙo sunansa, ko garinsu, ko abin da ya kawo shi, sai ya kwana uku. Ranar da kwanakin suka cika, da hantsi, a shimfiɗa tabarma a rumfa, a kawo shayi, maigida ya zauna ya ce, "To, baƙo, daga ina?" Kafin nan ruwa ne da abinci da wurin kwanciya. Na'ibi ya ce mutumin da ya shekara bakwai a hanya ya bar abubuwa da yawa a baya, ba duka yake son faɗa da yunwa a cikinsa ba.

Ni kaina da wannan doka aka karɓe ni, shi ya sa na riƙe ta da ƙarfi.

Mun bar ƙasar Gobir ina ɗan shekara tara, ni da Haladu da Baba da Inna, a ƙasa, da jaki ɗaya. Baba ya rasu kafin mu kai Fashir. Muka yi ta tsinkar auduga a gonakin Sudan, muna matsawa gaba kaɗan kaɗan, har muka kai Sawakin, bakin teku. A nan ƙafafun Inna suka kumbura. Mai kwalekwalen da zai ƙetare da mu ya dube ta ya ce ba ya ɗaukar mai ciwo. Haladu ya ce mu jira ta warke. Na ce shekara goma muna tafiya, ga Jidda a ƙetaren ruwa, zan je in yi hajji in dawo kafin wata uku. Ya ce, "Ubale, kada ka tafi." Da na durƙusa in yi mata sallama, ta kama bakin rigata. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, na fita.

Ban koma ba. Shekarar farko ciwo ya kwantar da ni a gidan Na'ibi. Ta biyu na samu dako a tashar jirgi. Sai yaƙi ya zo, ƙetarewa ta yi wuya. Sai aure. Duk wannan gaskiya ne. Amma bayan haka kunya ce kawai. Sau biyu na aika saƙo ta bakin alhazai masu komawa, ba amsa. Daga baya wani mutumin Gadarif ta Sudan ya ce mini tsohuwar ta rasu a garinsu, ɗanta ne ya binne ta. Abin da bai sani ba, ni ma ban sani ba, shi ne ko ta yafe mini kafin ta cika. Mutum ɗaya ne a duniya ya san wannan. Ga shi a tsakar gidana yana wanke ƙafa a gindin randa.

Ba shi kaɗai ya zo ba. Akwai wanda suka haɗu a jirgi, wani gajere mai faɗin baki. Wannan ko takalmi bai cire ba ya fara.

"Alhaji, 'yan dako sun ce a gidan nan sai an kwana uku ake tambayar mutum. Ni ba zan iya ba, cikina zai fashe. Sunana Usuman, majemi ne ni, daga Zariya, mata biyu sun mutu sun bar ni, ta ukun ta gudu saboda warin jima. Ka ji duka. Yanzu ina abinci?"

Mutanen da ke rumfa suka yi dariya. Na ce doka ta hana maigida tambaya, ba ta hana baƙo magana ba.

"Ka ji ko, Malam Haladu? Ba a hana ba. Wannan mutumin, Alhaji, kwana biyu muna jirgi ɗaya, kalma goma ban samu a bakinsa ba. Ni ina amai, shi yana kallon ruwa."

Haladu ya ci gaba da wanke ƙafarsa.

Mastura tana bakin murhu. Da ta ji sunan, na ga muciya ta tsaya a hannunta. Ta dube ni. Na kau da kai.

Da magariba ta yi tuwon dawa miyar kuka, aka kai wa kowa kwanonsa. Na Usuman ya dawo kamar an wanke. Na Haladu ya dawo da saura. Ya ci kashi biyu, ya bar kashi ɗaya a gefe, an yanke shi sumul da gefen hannu, ya ɗora tsokar naman a kai.

Mastura ta ce, "Miyar ba ta yi masa ba ne?"

Na ce, "Ta yi."

"To me ya sa ya rage? Har da nama."

A gidanmu haka ake yi. Babba ba ya cinye kwanonsa, sai ya rage wa ƙarami. Tun muna hanya, ko da rabonsa loma uku ne, Haladu sai ya bar mini ɗaya. Ko ranar da muka binne Baba ya bar mini.

Na ce ta rufe ta ba wani da safe. Ban ci ba.

Talata da hantsi zafi ya sauko kamar an kifa wa garin tukunya. Baƙi suka taru a rumfa suna fifita. Ina tsaye ina karɓar ruwa daga mai jaki, Haladu yana zaune a kan akwati kusa da ni. Usuman ya dube ni, ya dube shi, ya sake duban mu.

"Tsaya! Jama'a, ku duba min nan. Alhaji, wallahi kai da Malam Haladu kamar an tsaga kara. Dubi hancin. Dubi yadda suke ɗaure fuska kamar an ci musu gona."

Na ce, "Gobirawa duk kama ɗaya gare su."

Haladu ya ce, "Haka ne."

"To Allah ya raba mu da ƙasar da kowa haka fuskarsa take. Ta yaya kuke samun mata?"

Aka yi dariya, magana ta wuce.

Bayan azahar na fito na tarar da Haladu a gindin rumfa. Sanda ɗaya ta daɗe tana karkace, ina ta cewa zan gyara. Ya tona gindinta, ya miƙar da ita, yana ɗaure ta da igiya irin ɗaurin da Baba ya koya mana, zagaye uku sannan a soke ta ƙasa. Na tsaya ina kallon hannunsa. Ya tsufa. Wuyansa ya zama kamar na tsohon zakara, gemu duk fari, ga shi bai fi shekara arba'in da shida ba. Shi ya ɗauki Inna daga Sawakin zuwa Gadarif, ban san ta yaya ba. A wuyan nan nasa ne, watakila.

Da na durƙusa na riƙe masa sandar, da magana ta zo da kanta. Na san haka. Amma abin da ya fito daga bakina daban ne.

"Baƙo ba ya aiki a gidan nan."

Ya tsaya. Ya ƙarasa ƙullin, ya kakkaɓe hannu.

"To, maigida."

Ya koma ɗaki. Da magariba kwanonsa ya sake dawowa da kashi ɗaya a gefe.

Laraba da safe Mastura ta tare ni a ɗakin ajiya, ta ja ƙofa. Ita haifaffiyar Sudan ce, a Jidda ta girma, ba ta iya kewaye-kewaye ba.

"Alhaji, yayanka ne."

"Na sani."

"Ka sani! To me kake jira?"

"Kwana biyu ya yi. Gobe da hantsi."

"Ya salam! Dokar baƙi ce wannan. Ɗan uwarka baƙo ne?"

"Da baƙunta ya shigo. Maigida ya kira ni. Shi ne babba. In yana da magana bakinsa a buɗe yake."

"Kai ne ƙarami. A ƙasarku babba ne ke zuwa ya durƙusa wa ƙarami? Ya ƙetare teku ya zo har ƙofarka. Taku nawa ya rage maka? Daga nan zuwa ɗakin can, goma."

"Shekara goma sha huɗu ina riƙe da gidan nan ban karya dokar mahaifinki ba."

"Kada ka sa Baba a ciki. Baba ya kafa ta don baƙo ya huta, ba don maigida ya ɓuya ba. Tsoro kake ji."

Na ce ta kama bakinta.

"Halas, na kama. Amma in ba za ka je ba, ni zan je. In ce masa, Yaya, ni ce matar ƙanenka."

Na ce in ta yi haka ba da yawuna ba. Ta dube ni har na ji nauyin idonta, ta buɗe ƙofa ta fita. Ba ta je ba. Na sha cewa a raina da ma ta saɓa mini ranar.

Gaskiya ta faɗa. Muddin ban tambaya ba, Inna tana iya yiwuwa ta yafe. In na tambaya, amsa ɗaya ce za ta rage.

Amma na yi shiri. Na tafi kasuwar Bab Makka a cikin wannan rana, na sayi sabuwar tabarma, da shayi mai kyau, da sukari, da yadi fari na riga, na sa mahauci ya ajiye mini cinyar rago zuwa gobe. A hanya ina ta jera maganar. Zan sallami sauran baƙi daga rumfa. Zan zuba masa shayi da hannuna. Ba zan ce "baƙo, daga ina" ba. Zan sauka daga tabarmar in zauna a ƙasa, in ce, "Yaya, yaya Inna ta ƙare?" In ya so ya zage ni, ya zage ni a zaune, a cikin gida, yadda ya kamata. Wakilin mai kula da alhazai ya riga ya ce motar Makka sai Juma'a bayan masallaci. Akwai lokaci.

Da la'asar sauran suka tafi kallon kasuwa. Na dawo na tarar da shi shi kaɗai a rumfa yana jan carbi. Na jingina sabuwar tabarmar a bango. Na zauna a ɗaya gefen, kamar ina duba fitila. Ana jin kukan jirgi daga tasha.

Shi ya fara. "Maigida, wannan al'ada ta kwana uku, ta Larabawa ce?"

"A wurinsu surukina ya gani."

"Mai kyau ce." Ya ja carbi biyu. "Kwana uku ba yawa. Akwai wanda ya jira abin da ya fi haka."

Na ce, "Gobe da hantsi, in Allah ya yarda."

Ya dubi tabarmar da ke jingine. Na ga kamar gefen bakinsa ya motsa.

"Allah ya kai mu."

Alhamis, muna fitowa daga sallar asuba, gari ya fara haske, sai ga babbar mota a bakin lungu tana ta oda. Wakilin yana tsaye a kan matakala da takarda a hannu.

"Yalla, ya hujjaj! Mutanen gidan Na'ibi, yalla! An canza, yau ne. Wanda bai shiga ba sai ya nemi hanyarsa."

Gida ya rikice. Kowa na neman haraminsa, ana wanka a gurguje, Usuman yana ihu wani ya taka masa takalmi. Ni kuma aikina a irin wannan safiya karɓar ajiya ne. Mai tafiya aikin hajji ba ya ɗaukar kaya, sai ya bar ƙunshinsa a wurina. Ba na rubuta suna. Igiya nake yankawa, in yi mata ƙulli iri ɗaya a kai biyu, in raba ta. Rabi a jikin ƙunshi, rabi a hannun mai kaya. Wanda ya kawo rabin da ya dace, shi ke da kaya. Ba a taɓa samun rikici ba.

Haladu ne na ƙarshe a layi. Ya ɗaura harami, kafaɗarsa a waje, ƙasusuwan duk sun fito. Ya ajiye ƙunshinsa a gabana.

"Ga ajiya, maigida."

Na yanki igiya. Ƙullin ya ƙi. Ya karɓa ya ƙulla da kansa, zagaye uku, ya soke ta ƙasa, kai biyu. Na raba. Ya ɗaura rabinsa a wuyan hannu.

Mastura tana bayana da tiren koko. Ta ce a hankali, "Kwana uku sun cika, Alhaji."

Sun cika. Amma mota tana oda, wakili yana ihu, mutum talatin suna leƙowa daga bayan mota. Na ce a raina ba a tsaye a bakin lungu zan tambayi mutuwar uwata ba, kamar mai tambayar farashin albasa. Na ce wannan magana ta fi ƙarfin nan.

Haladu ya karɓi koko ya sha. Ya miƙa wa Mastura kwanon, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Sannan ya juyo gare ni.

"In mun sauko daga Arfa, nan zan dawo. A ajiye tabarmar."

Na ce, "Tana nan."

Ya tsaya kaɗan, kamar mai jiran wani abu. Na buɗe baki. Usuman ya ƙwala kira daga mota, "Malam Haladu, sai an aiko maka da doki?" Ya juya ya tafi. Aka ja shi sama. Bai waiwayo ba har motar ta sha kwana.

Na koma ciki. Kwanon kokonsa yana kan tire. Ya rage kashi ɗaya. Na ɗauka na shiga ɗakin ajiya na shanye a tsaye.

Mastura ta ce in bi shi. Makka rabin yini ce, na san gidan da ake sauke mutanenmu. Na ce kayan mutum arba'in suna wuyana, maigida ba ya barin ajiya a lokacin hajji, Na'ibi bai taɓa yi ba. Ta ce ita za ta tsare. Na ce kwana nawa ne, zai dawo. Na kai yadin wurin tela a unguwar Sharafiyya, na gwada masa da jikina, na ce ya rage faɗin kafaɗa.

Zafin shekarar nan tsofaffin Jidda ma sun ce ba su saba da irinsa ba. Tun kafin salla direbobi suka fara kawo labari, wai mutane suna faɗuwa a hanya. Na yanka ragon layya ban iya cin naman ba. Kullum da la'asar ina bakin lungu.

Kwana huɗu bayan salla motar farko ta dawo. Na ƙirga masu sauka. Usuman ne ya sauko daga ƙarshe, ya rame, leɓɓansa sun tsage. Bai yi wasa da kowa ba. Ya shigo ya sha ruwa moɗa uku, ya zauna a rumfa. Ya kwance wani abu daga bakin zanensa ya ajiye a gabana. Rabin igiya ce mai zagaye uku.

"Alhaji, Malam Haladu ya riga mu."

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Muryata ba ta canza ba. Na ji Mastura ta saki wani abu a madafa.

"A Mina ne, ranar salla. Ya yi Arfa lafiya, ya tsaya tun azahar har faɗuwar rana, ya ƙi shiga inuwa. Na ce masa, Malam, kai ba raƙumi ba ne. Muna dawowa daga jifa ya ce kansa. Kafin in samo ruwa ya zauna a ƙasa. Muka ja shi ƙarƙashin wata mota. Bai kai la'asar ba. A can aka binne shi, da haraminsa."

Na ce Allah ya jiƙansa.

"Amin. Amma akwai abin da ya dame ni. Alhaji, kai ka san mutanen garin nan. Akwai wani Ubale?"

Na ce, "Me ya faru da Ubale?"

"Ƙanensa ne, wai. A Arfa ya faɗa min, ranar ce kawai na ji ya yi magana mai tsawo. Ya ce uwarsu da za ta rasu ta ba shi saƙo ya kai wa wannan Ubale. Ta sa ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, kuma ba zai aika ba, sai kunnen mai shi. Shekara goma sha bakwai yana ɗauke da shi. Ya ce sai bana ya samu ikon ƙetarowa. Na ce to ka same shi? Ya ce ya same shi. Na ce ka faɗa masa? Ya ce ba a tambaye shi ba tukuna, amma an sayi tabarma. Ni ban gane ba."

Na ce, "Da yana ƙarƙashin motar fa? Bai faɗa ba?"

"Na tambaye shi. Na ce Malam, ba ni saƙon in kai, kada ya tafi da kai. Ya girgiza kai. Ya ce amana ce. Daga nan sai kalmar shahada."

"Ko alama? Mai daɗi ne, ko marar daɗi?"

"Wallahi ban sani ba. Ka san fuskarsa." Ya tsaya. Ya dube ni sosai. Na ga abin yana shigarsa a hankali. "Alhaji."

Na ce, "Ni ne Ubale. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Usuman ya miƙe tsaye.

"Kwana uku! Kwana uku kuna gida ɗaya, ina tsakaninku ina zuba kamar mahaukaci! Har na ce kun yi kama! Kai wane irin mutum ne? Shi wane irin mutum ne?" Hawaye suka zubo masa. "Da ka ce masa sannu Yaya, me zai ci ka?"

Na tashi na nufi ɗakin ajiya.

Ajiya ba a buɗe ta sai mai ita ko magajinsa. Na ɗauko ƙunshin, na haɗa igiya biyu, suka dace. Na kwance a gaban Usuman da Mastura, don a samu shaida. Riga ɗaya tsohuwa, wando, wuƙa, allura da zare, ɗan gishiri a tsumma, bargo. A can ƙasa akwai wani abu a naɗe cikin zane baƙi. Zanen na sani, na Inna ne. A ciki riga ce ta saƙi, fara, ba a taɓa sa ta ba, wurin ninkin ya yi ja don daɗewa. Zaren kaɗin hannu ne, siriri, irin wanda Inna kaɗai na san tana yi. Na ɗaga ta. Ƙarama ce. Ta saurayi ce ɗan shekara goma sha tara, marar nama a jiki.

Mastura tana kuka ta ce, "Ka gani? Ta yafe. Uwar da ba ta yafe ba ba za ta kaɗa wa ɗa zare ba."

Na ce, "Riga ce."

"Alhaji, don Allah."

"Ba mu san yaushe ta kaɗa ba. Watakila a wata ukun farko ne, tana jiran in dawo. Saƙon kuma bayan shekara huɗu ta ba da shi."

Usuman ya ce in ɗauki mai sauƙin, Allah ma yana son sauƙi. Na ce ba zan sa wa Inna magana a baki ba. Abin da ta faɗa ta faɗa, yana Mina a ƙarƙashin ƙasa.

Rigar da tela ya ɗinka wa Haladu na ba Usuman. Ta yi masa tsawo, ya tafi da ita Zariya a haka. Shekara ta zagayo na je Mina na nemi wurin. Wani ma'aikaci ya nuna mini fili, duwatsu ne birjik, babu suna ko ɗaya. Na tsaya a gefe na ce, "Yaya, ni ne." Na yi addu'a na dawo.

Yau shekara goma sha takwas. Yanzu yawancin alhazai ta jirgin sama suke zuwa, ana kai su manyan masaukai masu fanka da famfo. Namu sai wanda ya rage a baya, ko wanda ya zo neman wani nasa. Mastura ta rasu bara waccan. Tabarmar tana saman rumfa a naɗe, ba a taɓa shimfiɗa ta ba. Sandar da ya ɗaure ta ruɓe, na canza ta, na bar igiyar.

Dokar Na'ibi kuwa na kashe ta tun a shekarar da Haladu ya rasu. Mutanen unguwa suna cewa Abdulgani ya lalata gidan surukinsa, tsufa ya sa masa rashin ta ido. Suna iya faɗa. Duk wanda ya yi sallama a ƙofata, a nan nake tsayar da shi.

Makon jiya wani dattijo ya zo daga tasha, da akwati a ka, gumi har gwiwa.

Na ce, "Sunanka? Daga ina? Wa kake nema?"

Ya ce, "Haba Alhaji, bari in sauke kaya mana, in sha ruwa."

Na ce, "Ruwa yana nan. Faɗa tukuna."